Abin da madubin likita ke nunawa a hanta mai ciwon daji



Idan likita ya tsakuro ɗan naman hanta da allura, akan yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, a rina shi, a aza ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Ga mai lafiya, gini ne mai tsari yake bayyana: ƙwayoyin hanta jere sahu-sahu kamar tubali, kaurin kowane sahu ƙwaya 1 ko 2, jini yana bin lungunan da ke tsakaninsu zuwa wata jijiya ta tsakiya.

Ga mai ciwon daji kuwa, ginin ya rikice. Sahu ya yi kauri, ƙwaya 3 ko fiye sun cunkushe wuri ɗaya, cibiyar kowace ƙwaya ta kumbura ta yi duhu, siraran zaruruwan da ke riƙe da ginin sun ɓace. Abin mamaki, wasu daga cikin ƙwayoyin ba su mance sana'arsu ba: suna ci gaba da yin ruwan matsarmama har ƙarin ya zama kore. A 1954 likitoci biyu na Amurka, Edmondson da Steiner, suka kasa ciwon mataki 4, daga wanda ƙwayoyinsa ke kama da na hanta zuwa wanda ba a ko gane asalinsu.

Wannan ɓarna ba ta dare ɗaya ba ce. Sau da yawa tana somawa ne da ƙwayar cutar hepatit B, wadda yaro ke ɗauka wajen haifuwa ko cikin ƙuruciya, ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta shiru.

Sai kuma abin da ya shafi kasuwa kai tsaye. A 1960 talo-talo kimanin 100.000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. Daga nan aka gano gubar aflatoksin, wadda funfuna ke zubawa cikin gujiya da masara idan an ajiye su da laima. A 1991 masana suka tarar da tambarin wannan guba a wuri guda tak cikin ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta shi ne tsai da ƙwayar da ta lalace, a majiyatan Sin da na kudancin Afirka. Idan guba ta haɗu da hepatit B, haɗarin yana ninkawa sau da yawa.

Maraɗi da Damagaram sun san gujiya tun kafin zamanin SONARA. Buhun da Turai ta ƙi saya saboda funfuna ba ya zama a mangaza. Sau da yawa yakan koma ƙuli-ƙuli da mai a kasuwar gida, alhali suya ba ta kashe gubar. Wannan ba ciniki ba ne, ganganci ne. Shanya sosai, tsince ƙwaya mai baƙi da ɗaga buhu daga ƙasa suna rage ta. Jariri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi masa allurar hepatit B cikin awa 24 da haifuwa.