Wa Ya Tsara Tambayoyin? Damare da Binciken Lafiyar Ƙwaƙwalwa

 

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama Mubi. Mutanen Madagali da Michika da Gwoza waɗanda suka fake can suka sake ɗaukar ƙafa, suka nufo Yola. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke nan Damare, wanda aka tanada domin horon mako uku, ya koma mazaunin dubban 'yan gudun hijira. Sai dai mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka sauka ba. Gidajen dangi suka shiga a Jimeta da Yola da Girei, har magidanci ya wayi gari baƙinsa sun fi iyalinsa yawa.

Bayan buhun masara da bargo, sai ga masu bincike da takardun tambayoyi. Ba na raina aikinsu. Da irinsa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum ɗaya cikin biyar a wuraren rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa firgicin da ba ya barin mutum barci. Abin da ke damuna shi ne yadda ake samo amsoshin.

Ku ɗauki matar da ke layin karɓar abinci. Baƙo ya zo da biro ya ce, "Baba, kin yarda in yi miki tambayoyi?" Za ta ce to, domin ba ta san ko ƙin amsawa zai sa a cire sunanta daga rajista ba. A takarda an rubuta ta amince. Harshenta Margi ne ko Higi, ana tambayarta da Hausa, ta bakin tafinta namiji sa'an ɗanta, a kan abin da ko ga 'yar'uwarta kunya ba ta bar ta ta faɗa ba. An fama mata gyambo, an ce an gode, an tafi. Ba a nuna mata inda za ta nemi magani ba, ba ta kuma sake jin inda labarinta ya kwana ba. Ni a wurina wannan cin amana ne, ko da mujallar da ta buga sakamakon ta Ingila ce.

Ba sai mun je nesa neman wata hanya ba. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a Ibadan da Kumasi: inda ma'aikatan asibiti suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da masu addu'a, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. A nan gida ma, ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa da aka kafa a 2012 tare da Jami'ar Amurka ta Najeriya ta iya ciyar da dubban mutanen da ke ɓoye a gidajen dangi, domin limamai da fastoci da shugabannin mata sun san wanda ya sauka a kowane lungu. Mutanen da suka san inda yunwa take, ai sun san inda ake kwana ba barci. Me ya hana a zauna da su tun ranar tsara tambayoyi?

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Madalla. Amma doka ba za ta gaya mana halin da matar gidan da ta shekara tana dafa wa baƙi take ciki ba, ita da ba a ƙirga ta cikin 'yan gudun hijira.

Ga Jami'ar Modibbo Adama nan kusa da mu. Roƙona ga malamanta da ɗalibanta shi ne, a sa 'yan gudun hijirar da suka zauna a sansanonin Damare da Malkohi da waɗanda suka sauke baƙi a gida su shiga kwamitin bincike, a biya su ladan aikinsu. Kada a buɗe bakin kowa sai an tanadi wanda zai duba shi. In an gama, a dawo a karanta sakamakon a gaban mai unguwa, a kuma watsa shi a rediyo da Fulatanci da Hausa da Margi, kafin a aika da shi ko'ina.