GIDA ƊAYA, HIDIMA ƊAYA



Muna yi wa Ubangiji godiya da ya kawo mu wannan biki na cika shekara hamsin. Iyayenmu da suka ɗauki ƙasa da ruwa a ka don gina wannan majami'a yau sun tsufa. A gidajen waɗansunsu akwai ɗa ko 'ya mai tawayar fahimta, wanda shi ma ya kai shekara arba'in ko hamsin, amma har yanzu tsohuwar ce take yi masa wanka, take ba shi abinci. Tambayar da take hana irin waɗannan iyaye barci ita ce: ranar da Ubangiji ya kira ni, wa zai riƙe shi?

A dā yawancin irin waɗannan yara ba su daɗewa a duniya. A Amurka, a shekara ta 1983, mai lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga, yakan rayu kimanin shekara 25 ne. Yanzu yakan kai wajen 60. Wannan abin godiya ne, amma ya zo da nasa nauyi. Likitoci sun gano ciwon mantuwa yakan kama da yawansu da wuri, tun suna shekara arba'in zuwa hamsin. Ga uwa ta tsufa, ga ɗa shi ma tsufa ya same shi a gabanta.

A ƙasarmu an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka kuma sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019. Kowace da ofishinta, amma mutanen nan biyu tukunya ɗaya suke ci. A ikkilisiyoyi ma haka abin yake: masu ziyarar tsofaffi su gai da tsohuwa su fito, ɗan yana ɗaki ba wanda ya leƙa shi.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Na fari, kwamitin ziyara ya rubuta sunayen gidajen nan, ya riƙa tambayar lafiyar su biyun.

Na biyu, dattawa su zauna da iyaye da dangi tun suna da ƙarfi, a yarda a kan wanda zai riƙe ɗan, da inda zai zauna, da rabonsa na gādo. A rubuta, a sa shaidu. A tambayi shi kansa abin da yake so.

Na uku, a rubuta magungunansa, da abincin da ya saba, da abin da ke tsorata shi, domin yau a kan tsohuwar kaɗai wannan sani yake.

Na huɗu, in aka ga ya fara mance abin da ya iya, a kai shi asibiti. Kada a ɗaure shi, kada a ce aljanu ne.

Ubangijinmu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna. Mu ma mu shirya tun rana ba ta faɗi ba.

Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.