Hannu Ba Ya Jiran Annoba Ta Wuce

Yau daga Wusasa nake magana, kuma labarin cikin gidanmu zan ba ku.

Kun tuna ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin da gwamnatin Kaduna ta sa dokar zaman gida ba dare ba rana saboda korona? Kwana kaɗan bayan haka gwamna Nasir El-Rufai ya ce shi ma ya kamu. To, ana cikin wannan kulle, azumi ya kama, gilashin taga ya yanki ƙanina a tafin hannun dama. Tela ne, lokacin shekararsa 19.

Mu nan Wusasa asibiti ba baƙonmu ba ne, St. Luke's ya kusa shekara ɗari a unguwar nan. Amma wallahi ba mu je ko'ina ba. Tsoro ya hana mu, kar mu je neman magani mu kwaso korona. Mai kemis ya wanke ciwon ya naɗe, jini ya tsaya, muka ce alhamdu lillahi. Da ya ce min, "Yaya, yatsu biyu fa ba sa lanƙwasuwa," sai na ce masa kumburi ne, zai sauka. Ni mai digiri na faɗi haka.

Sai bayan sati uku muka kai shi wani asibiti. Likita ya ce jijiyoyin da ke jan yatsu ne suka tsinke. Ka ga jijiyar nan kamar roba take, in ta tsinke sai ta ja baya. A kwanakin farko ɗinke ta bai cika wahala ba, amma in aka yi makonni aikin ya zama babba. Ga shi a lokacin asibitoci da yawa sun ɗage duk tiyatar da ba ta gaggawa ba.

Abin da ya cece mu shi ne an yi masa aikin ido biyu. Ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi aka yi masa a hannun, haɗe da maganin da ke rage zubar jini. Wani likita ɗan Kanada, Donald Lalonde, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan hanya, kuma lokacin korona asibitoci a ƙasashe da dama sun koma gare ta, don ba ta buƙatar na'urar numfashi ko kwanciya. Ana ɗinki likita yana cewa "motsa yatsan mu gani." Ranar muka dawo gida. Ya yi watanni yana gashi, ɗinkin sallar shekarar kuwa ya wuce shi. Yau yana kan keke, amma ƙaramin yatsan bai dawo daidai ba.

Annoba za ta sake zuwa. Lassa tana nan duk rani, mashaƙo ya girgiza Kano a 2023. Shi ya sa nake roƙon manyan asibitocinmu, irin asibitin koyarwa na Shika da na ƙashi da ke Dala, su tanadi tsarin da raunin hannu zai samu shiga ko an rufe gari, kuma a sanar da jama'a a rediyo cewa ƙofa a buɗe take.

Mu kuma matasa, in ka yanke yatsa ya ƙi motsi ko ya mutu ba ka jin taɓawa, tafi asibiti ranar. In yatsa ya fita gaba ɗaya, naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, sa a leda ka ɗaure, ka ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kar ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Tura wa telanku, makanikenku da mai markaɗen layinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.