Daga Rimin Gado Zuwa Duwatsun Riruwai A Kan Babur

Shugaban wannan taro, malamaina, 'yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, an nemi in ba da labarin yawon buɗe ido da muka yi mu takwas a kan babura biyar. Na amsa, amma da sharaɗin ba daɗin tafiyar kaɗai zan faɗa ba.

Ni mutumin Rimin Gado ne, a kan hanyar Gwarzo, yamma da birnin Kano. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Gona na gogar gona, ba saura, ba daji, sai ɗorawa da kuka da gawo jefi-jefi a tsakiyar dawa da gero. Yaron da ya tashi a nan, in ka ce masa dutse, Dala da Goron Dutse ne iyakar saninsa. Wannan ne ya sa muka ƙudura niyyar zuwa Riruwai, can kudancin jiharmu, cikin ƙaramar hukumar Doguwa.

Mun tashi ranar Asabar bayan sallar asuba, lokacin kaka. Kowa ya san tun shekarar 2013 aka hana goyo a kan babur a cikin birni, saboda haka masu goyo suka ratsa ta ƙauyuka, muka haɗu a Kura. Daga nan muka bi hanyar Zariya, muka wuce gonakin shinkafa na Kadawa. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga ya ke, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Kafin wannan tafiya ban taɓa tambayar kaina inda Tiga ke samun nata ruwan ba. Ashe daga tuddan da muka nufa ne Kogin Kano ke gangarowa.

A Kwanar Dangora muka saki hanyar Zariya, muka kama ta Jos. Bayan Tudun Wada sai dajin Falgore ya haɗiye mu. Jama'a, wanda bai taɓa tafiya mai nisa ba tare da ya ga rufin ɗaki ko ɗaya ba, ba zai gane irin tsoron da ya kama mu ba, balle ga labarin ɓarayin shanu da ya yi kaurin suna a wurin. Ba mu tsaya ba sai da muka fita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne buhunan gawayi da lodin itace da muka riƙa cin karo da su sun nufi birni. Da su ake dafa abincin da mu ke ci a makaranta.

Riruwai kuwa, sai wanda ya gani. Duwatsu ne a jere, wani na leƙen wani, iska mai sanyi, gonakin masara a gindinsu. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake haƙar kuza a nan, kuma tsofaffin ramukan suna nan. Muka kwana, aka karɓe mu hannu bibbiyu.

To, a hanyar dawowa ne ranar Lahadi abin ya faru. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu babura suka ƙara riƙe wata ɗabi'a, wato kashe inji a gangara don tattalin mai. A ƙasarmu wannan ba ya cutar da kowa, domin gangarar tamu ba ta fi tsawon igiyar guga ba. A kan dutse kuwa ganganci ne. Babur da ke cikin ƙaramar giya, injinsa ne ke riƙe shi. In ka kashe inji ka fitar da giya, ka ɗora wa birki nauyin duka, shi kuwa in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Wani ɗan ajinmu ya yi haka a kan burji mai tsakuwa. Da ya ga kwana ta taso masa, ya damƙe birkin gaba, taya ta zame, ya faɗi. Hular kwano uku muka tafi da su mu takwas, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Allah ya sa ɗaya tana kansa. Hular ta tsage, kan ya tsira, amma hannu ya karye.

Muka ɗauke shi zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani a wani ƙauye. Ginin na nan da fentinsa, ƙofa a garƙame. Wani dattijo ya ce mana an turo ma'aikaci, ya zo sau ɗaya ya ga wurin, ya koma birni neman a sauya masa. Shi dattijon ne ya kira mai ɗori, aka ɗaure hannun da tsinken kara, sa'an nan muka sami motar masara ta kai shi babban asibiti, bayan wajen awa huɗu yana cikin azaba.

Yayyena ma'aikata, ba zargin kowa na ke yi ba, domin ni ma da an tambaye ni kafin wannan rana, da na ce Allah ya kiyashe ni da aikin ƙauye. Amma mu baƙi ne na kwana ɗaya, kuma da kuɗin mota a aljihunmu. Mace mai naƙuda a wannan ƙauye cikin dare, a kan wane babur za a sauko da ita daga wannan gangara? Da yawa daga cikinmu nan da shekara biyu za a miƙa mana takardar tura mu wurin aiki, wasu kuma za su ga an rubuta Doguwa.

Abokin namu ya warke, ga shi can zaune a layin baya. Mun yi shawarar komawa bayan jarrabawa. Mai son zuwa ya ba sakatare sunansa, amma wanda ba shi da hular kwano kada ya wahalar da kansa.