Jawabi a Kan Aikin Hanyar Dogo Daga Baro Zuwa Kano

 

A cikin 1907 aka soma aikin dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya ƙi ba kamfani aikin, ya danƙa shi ga Mista Eaglesome, shugaban ayyukan Gwamnati. Ƙarafa kuwa ta ruwa ake hauro da su, sai Kwara ta cika manyan jirage ke isa Baro.

Injiniya ya san awo, amma ba shi da jama'a. Saboda haka aka raba aikin. Razdan ya faɗa wa Sarki yawan mutanen da ake bukata, Sarki ya aza wa hakimai, hakimai su aza wa dagatai. Kowace ƙasa ta yi cikon ƙasa da sarar daji a yankinta, Nufawa, Gwarawa, sa'an nan Zagezagi da Kanawa. Mutum ya yi kwanakinsa, wani ya canje shi, shi ya koma gona. Ladan aiki kuwa, ƙa'ida ita ce a ƙirga wa kowa kuɗinsa a hannunsa, kada ya bi ta hannun shugabansa, kowa kuwa ya san dalili.

Kada a ɓoye, da yawa ba da son ransu suka zo ba, tilas ce. Waɗansu suka gudu, musamman in damina ta kama, dagaci ya sha faɗa. Wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san irin nauyin da wannan ke ɗora wa ƙauye.

Masu shimfiɗa ƙarfe su ba a canza su, suna bin aikin duk inda ya nufa. Tun suna jiran a nuna musu kome, har kowa ya san hannun ɗan'uwansa, wannan ya jera, wannan ya ɗaure, babu mai tsayawa. A cikin 1911 suka shimfiɗa mil shida da rabi a yini guda. A watan Maris na wannan shekara dogo ya iso Kano, zamanin Sarki Abbas.

Wata ƙungiya kuma, ta Gwamnatin Ikko, tana jawo nata dogon ta Jebba da Zungeru, suka gamu a Minna. A 1912 aka gama su ƙarƙashin shugaba ɗaya. Baro, inda aka soma kome, sai ta koma reshe.