Awon Sa'a: Yadda Sakataren Nesa Zai Yi Wa Aikinsa Kuɗi

 Sana'ar da za mu tattauna a kanta yau ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da sarki kamar yadda mahauta da maƙera suke da nasu, har sunanta ma bai gama zama a bakin Hausa ba. Ni zan kira mai yin ta sakataren nesa. Shi ne wanda yake zaune a ɗakinsa a Kano ko Kaduna ko Jos, yana amsa wasiƙun imel na wani ɗan kasuwa da ke Landan ko Dubai, yana tsara masa lokutan ganawa, yana yankar masa tikitin jirgi, yana shigar masa da lissafi, yana kula da shafinsa na Instagram, alhali ba a ɗauke shi aikin dindindin ba. Ɗan jinga ne, sai dai jingar tasa ta intanet take bi. Matasanmu da yawa, musamman mata waɗanda zaman gida ya fi yi musu sauƙi, sun koyi wannan aiki sun iya. Abin da ba a koya musu ba shi ne yadda ake yi masa kuɗi, kuma a nan ne ake yi musu asara, sau da yawa da hannunsu.

Kyautuwa ya yi mu san irin kasuwar da suka shiga. Cikin abubuwan da suka yayata wannan sana'a a Amurka akwai littafin Tim Ferriss na shekarar 2007, wanda ya kwaɗaita wa masu karatu su miƙa ƙananan ayyukansu ga mataimaka a ƙasashe irin su Indiya, domin a can ladan aiki bai kai na Amurka ba. Dandalin Fiverr da aka buɗe a 2010, sunansa ma daga dala biyar aka samo shi, wato farashin da ake sayar da kowane aiki a farkon kafa shi. Ke nan kasuwa ce da aka kafa wa mai saye, aka rataya mata allon araha tun ranar farko. Wanda ya shigo ta bai zo da nasa lissafin ba, lissafin mai saye zai ɗauka, ya zaci shi ne gaskiyar farashi. Maganata yau guda ɗaya ce: farashin adalci daga lissafin abin da aikin ya ci yake farawa, kuma duk sakataren da ya sallama ƙasa da wannan, uwar kuɗinsa yake ci, ko da kuwa yana ganin dala tana shigowa.

Bari mu yi lissafin tare, domin a nan ne idon mutane yake rufewa. Mu ƙaddara yarinya ta yarda da dala 3 a kowace sa'a, ana biyan ta sa'a 20 a mako. A mako huɗu ta tara dala 240. In ta buga shi a kan naira 1,500 kowace dala, naira 360,000 ke nan. Ta waiwaya ta ga mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai ta ga ta ninka shi sau biyar, ta yi hamdala. To amma kuɗin bai iso hannunta ba tukuna. Dandalin da ya haɗa su dillali ne, kuma la'adarsa daga jikin ɗan jingar yake cira: Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, Upwork kuwa ya tsaya a kan kashi 10 daga 2023, sannan a 2025 ya mai da ita mai hawa da sauka har zuwa kashi 15. Mu ɗauki kashi 10, saura naira 324,000, ba mu ma sa abin da kamfanin turo kuɗi da banki za su yaga ba. Yanzu kayan aiki. Ofishin da ma'aikacin albashi yake tarar da shi a shirye, ita ce take gina shi da aljihunta. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane awo, daga abin da bai kai 70 ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Mu ƙaddara, ba tare da zuzutawa ba, data tana cin naira 30,000 a wata, wuta da man janareta 60,000, kwamfutar naira 600,000 da za ta yi shekara uku kuma tana cin kusan 17,000 duk wata ko ba a ga fitarsu ba. Jimilla 107,000. Sannan ɗan jinga ba kullum yake da aiki ba. In ta sami aiki wata tara a shekara, ɗawainiyar kuwa ta wata goma sha biyu ce, abin da zai rage mata bai wuce naira 136,000 a wata ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ita kuwa duka 18 ɗin a wuyanta suke in har tana tunanin tsufa. Sai ga shi an dawo wajen naira 112,000, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da ta gani da farko. Babu kuɗin asibiti a ciki, babu hutun haihuwa, babu ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita.

Har yanzu akwai abin da lissafin bai kama ba, shi ne lokacin da ba a biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na 2021 kan ayyukan da ake yi ta dandalin intanet, ta gano cewa masu irin wannan aiki kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsu yana tafiya ne a aikin da babu lada: neman aiki, rubuta takardar tayi, gyara shafin talla, jiran amsa. Rahoton ya ce rabinsu ba sa samun dala 2.1 a sa'a, kuma ma'aikatan ƙasashe masu tasowa a dandalin 'yan jinga suna samun ƙasa da na ƙasashen da suka ci gaba da kashi 60 cikin ɗari, ko da irin aikin ɗaya ne. Ashe yarinyar nan da ake biya sa'a 20, sa'a 30 take zaune gaban kwamfuta. Ku kuma lura da wace irin sa'a ce. In uban aikin nata a New York yake, ƙarfe biyar ɗin yammarsa goma ko sha ɗayan darenta ne. Daren da ta hana idonta barci, da azahar ɗin da take gyangyaɗi, ba a kan mudu ɗaya ya kamata a auna su da aikin hantsi ba.

Na san abin da wasunku za su ce, domin magana ce mai nauyi: da babu gara ba daɗi. Sabon shiga ba shi da shaidar kowa, ba shi da tauraro ko ɗaya a shafinsa, in bai sauko ba wa zai kula shi? Na yarda da rabin wannan. Ɗan koyo ba ya karɓar kuɗin gwani a kowace sana'a, ko a ɗinki ko a gini. Amma ragin da ake yi don a shiga kasuwa dole ya zama yana da iyaka da wa'adi, a faɗa wa mai aikin a rubuce cewa wannan farashin gwaji ne na wata ɗaya ko na aiki uku, daga nan ga ainihin farashi. Ragin da ba a sa wa rana ba shi ne yake zama farashi. Mutumin da ya saba biyan dala 3, ranar da aka ce masa 6, ba zai tuna cewa shekara guda ana yi masa alheri ba, zai ga an ninka masa kuɗi ne kawai. Akwai kuma abin da masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna tun 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: inda mai saye ba zai iya tantance ingancin kaya ba, zargi yana shiga, mai kaya nagari ya kasa samun kuɗin kayansa. Mai neman sakatare daga nesa a irin wannan duhu yake. Zai miƙa makullin imel ɗinsa, wani lokaci har da na asusunsa, ga wanda bai taɓa gani ba. Mai hankali a cikinsu in ya ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, sai ya tuna da abin da mu ma muka sani, cewa araha ba ta ado, ya wuce. Wanda zai tsaya shi ne mai neman banza, kuma shi ne zai fi yawan ƙorafi, ya fi jinkirin biya.

Wasu kuma za su kawo hujjar addini, su ce arziki na Allah ne, wadatar zuci ta fi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina lokacin da aka nemi ya yi. Haka ne. Amma wancan magana ce a kan hukuma ta tilasta wa 'yan kasuwa farashi. Ba ta hana mai kaya sanin abin da kayansa suka ci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu suke karantarwa a zaure tun kaka da kakanni, an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tarar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da busasshen inabi a kasuwa, ya umarce shi ko dai ya ƙara farashi ko ya ɗauke kayansa daga kasuwar. Gaskiya ne akwai wata ruwaya da ta nuna Umar ya koma ya sassauta, ya bar shi ya sayar yadda ya so, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncin. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, tun a wancan zamani an gane cewa karya farashi ba lamarin mutum ɗaya ba ne, yana taɓa maƙwabcinsa na rumfa. Fiƙihu kuma ya san abin da ake kira ujratul misli, wato ladan da irin wannan aiki ya saba ci a wurin irin waɗannan ma'aikata, shi ake komawa gare shi in an yi jayayya. Duk wanda ya sallama sa'arsa a kan dala ɗaya, yana jan wannan ma'auni ƙasa ga duk 'yar Najeriya da za ta yi tayi bayansa.

Sai batun gasa. A ce ai 'yan Filifins sun cika kasuwar, ga Indiya, ga Kenya, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke rubuta wasiƙa cikin daƙiƙa. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa araha ba za ta yi ceto ba. Tseren da ake yi zuwa ƙasa, kullum akwai wanda zai fi ka sauka, na'ura kuwa ba ta sayen fetur. Abin da yake riƙe farashi shi ne abin da ba a samu a ko'ina: amanar da aka gwada, sanin harkar uban aiki ciki da waje, ƙwarewa a fanni guda kamar lissafin kuɗi ko harkar gidaje, ko iya Larabci da Faransanci a kan Ingilishi. Shi ma mai biya yana da nasa ma'aunin. Mafi ƙarancin lada na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a sa'a, bai motsa ba tun 2009, jihohi da yawa kuma sun wuce shi nesa. Ɗan kasuwar da ya biya dala 8 ko 10 ga wanda ya iya aiki, bai biya ofis ba, bai biya inshora ba, riba ya ci. Tsakanin ƙasan da lissafinka ya nuna da saman da shi zai biya a garinsa akwai fili mai faɗi, a cikinsa ake ciniki, kuma mu ba baƙin ciniki ba ne. Abin mamaki ne a ce ɗan da ya tashi yana jin ana cewa albarka a Kurmi da Kantin Kwari, ya zo gaban Bature ya kasa cewa albarka.

Ko farashin ya yi daidai, yana iya zubewa ta wata ƙofa, ita ce ƙofar gyara. A kasuwa gyara ɗan abin da hannu ya ɗiba ne a kan mudu, ba a taɓa yin gyara da wani mudun ba. A wannan sana'a kuwa an yi jinga a kan amsa imel, bayan mako biyu sai a ce ɗan duba mini shafin Facebook, sai ɗan kira mini wane, sai ga saƙon WhatsApp ranar Lahadi da dare, kuɗin kuwa yana nan inda yake. Kunya ce take hana matasanmu magana, kuma kunya abin yabo ce a gaban iyaye, amma a ciniki rubutu shi ne mutunci. A rubuta abin da jingar ta ƙunsa, da yawan sa'o'i, da lokutan da za a same ka, da kuɗin duk abin da ya ɗoru a kai. Sabon mai aiki da aka samu a wajen dandali a nemi kafin alƙalami daga gare shi kafin a taɓa komai. Wanda aikinsa ya ɗore, a mai da shi kuɗin wata na sa'o'i sanannu, domin biyan sa'a zalla yana hukunta mai sauri: ranar da ka ƙware har aikin sa'a uku ya koma na sa'a ɗaya, ranar kuɗinka zai ragu.

Masu yi wa 'yan kasuwar gida aiki a naira, nasu ya fi gaggawa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'anarsa, wanda ya karɓi naira 100,000 a ƙarshen 2023 kuma ya ci gaba da karɓar ta bayan shekara, abin da take saya ya koma na wajen 74,000, an rage masa albashi da rubu'i ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Saboda haka a sa sharaɗin sake duba farashi cikin yarjejeniyar tun farko, duk wata shida ko duk shekara, a kuma ba mai aiki sanarwar wata guda kafin ƙarin ya fara, yadda shi ma zai shirya. Su kuma cibiyoyin da suke horar da matasa, na gwamnati irin shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 da na masu zaman kansu, ina roƙon su ware ko da mako guda a manhajarsu don wannan lissafi, kowane ɗalibi ya zauna da rasit ɗin datarsa da na mansa ya fitar da ƙasan farashinsa da biro, kafin a ba shi takardar shaida.