Faɗowar Fatar Ido: A San Sanadi Kafin a Nemi Magani



An nemi in yi magana kan maganin faɗowar fatar ido, wato fatar sama ta sauko ta rufe wani ɓangare na ƙwayar ido, larurar da likitoci ke kira tosis. A lafiyayyen ido, fatar kan rufe milimita 1 zuwa 2 ne kawai na saman baƙin ido. Wata siririyar tsoka ce ke ɗaga ta, jijiya ta uku daga cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kuma ita ke ba tsokar umarni. Duk abin da ya taɓa tsokar ko jijiyar, fatar za ta faɗo. Shi ya sa ba ta da magani guda ɗaya, sanadin ne ke zaɓar maganin.

Akwai faɗowar da ba ta jira. Idan fatar ta faɗo farat ɗaya, ga ciwon kai mai tsanani, mutum yana ganin abu bibbiyu, ɗan baƙin da ke tsakiyar ido ya buɗe, to wataƙila hanyar jini ce ta kumbura a cikin kai tana danne jijiyar. Wannan sai asibiti a ranar, ba kemis ba. Haka wanda gamsheƙa ta sara: nauyin fatar ido na cikin alamomin farko da ke nuna dafi ya fara kama jijiyoyi, numfashi na iya biyo baya. Allurar kashe dafi yake buƙata.

Ciwon suga da hawan jini ma kan raunana jijiyar, amma wannan galibi tana farfaɗowa cikin kamar wata 3 idan an kula da cutar. Akwai kuma mayasteniya, wadda mai ita kan tashi garau da safe, zuwa yamma ido ya rufe. Likita kan ɗora ƙanƙara a kan fatar na minti 2, idan ta ɗagu ya samu haske. Ƙwayoyi ake ba majinyacin, ba a gaggawar kai shi ɗakin tiyata.

Inda nake so mu daɗe shi ne kan yara. Jaririn da aka haifa da faɗaɗɗiyar fatar ido, tsokar ce ba ta ginu daidai ba, kuma girma ba ya gyara ta. Sau nawa muka ji kaka ta ce, “Ku ƙyale shi, gado ne, haka kakansa yake”? Kakan ma wataƙila da ido ɗaya ya rayu bai sani ba. Ƙwaƙwalwar yaro koyon gani take yi har zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idon da aka tare wa haske a wannan tsakani, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da shi, ko an ɗaga fatar daga baya gani ba zai cika ba. Idan kun ga yaro yana ɗaga haɓa ko yana tattare goshi kafin ya kalli allo, ku kai shi a auna. Malaman firamare, ku kuka fi kowa damar lura da wannan.

Aikin tiyatar kansa ya danganta da ƙarfin tsokar. Idan tana da sauran ƙarfi, sai a rage tsawonta ko a maida ta mazauninta. Wannan ne aikin da aka fi yi wa dattawa, waɗanda tsufa ya saki tsokarsu, kuma ba sai an sa su barci ba, allurar kashe zafi ta isa. Idan kuwa motsin fatar bai wuce milimita 4 ba, sai a rataye ta da tsokar goshi, ta hanyar zaren silikon ko wani yanki da ake cirowa daga cinyar majinyacin, ya riƙa buɗe ido da girarsa. Gaskiyar da ya kamata likita ya faɗa tun farko ita ce, idon na iya ƙin rufewa sosai lokacin barci, dole a riƙa sa man ido kada ya bushe ya yi gyambo, wani lokaci ma sai an sake aikin.

A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ɗigawa mai suna Upneeq. Na manya ne, yana ɗaga fatar da kimanin milimita 1 na wasu sa'o'i, gobe sai an sake. A ganina bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ba ya amfanar yaron da aka haifa da larurar. Wanda ba zai jure tiyata ba, akwai tabarau mai ɗan maƙali da ke tallafe fatar.

Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA yana Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ido. Roƙona ga iyaye mata da ungozomomi shi ne, duk jaririn da kuka ga ido ɗaya bai buɗe kamar ɗan'uwansa ba, a kai shi wurin likitan ido tun kafin yaye.